Tun da likita ya rage masa gishiri, maigidana ya daina dariya

Assalamu alaikum Anti. Wata biyar ke nan da aka sallamo maigidana daga asibiti bayan bugun zuciya. Likita ya ce a rage masa gishiri da mai da jan nama, ni kuwa tsoro ya sa na cire komai. Miyarsa daban nake yi a ƙaramar tukunya, lami. Loma biyu zai yi ya ture kwano. Mutumin da ba ya fashin majalisa bayan la'asar, yanzu yini yake a ɗaki, ba barcin kirki, rediyonsa har ta yi ƙura. Shekaranjiya ya ce min wai shi ya zame mana kaya. Anti, abincin ne ya jawo haka?

Wata uwargida daga Zariya

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya. Waɗannan alamun ciwon damuwa ne, wanda ke kama kusan mutum 1 cikin 5 bayan bugun zuciya. Maganar "na zame kaya" ba ta wasa ba ce, ku koma wurin likita a makon nan, ki faɗa masa da bakinki. Akwai maganin damuwa da masu ciwon zuciya ke sha lafiya.

Abinci ma yana da hannu. A wani bincike da aka wallafa a 2017 daga Ostireliya, an ɗora masu ciwon damuwa kan ganye, wake, kifi da hatsin da ba a surfe ba na mako 12, kusan kashi ɗaya cikin uku suka samu sauƙi sosai. To amma ina amfanin abincin da aka ture?

Cewa aka yi a rage, ke kuma kika soke. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi, sai in likitansa ya yanka masa wani. Dunƙulen magi da kanwa su ne ɓarayin ɓoye, can za ki tsuke hannu. Ki ɗaga miya da daddawa, albasa, tafarnuwa da citta. Kifi titus sau biyu a mako, faten wake, tuwon dawa, gyaɗa marar gishiri. In yana shan warfarin, wato maganin hana jini daskarewa, ki tambayi likita kafin ki yawaita masa zogale ko alayyahu.

Ƙaramar tukunyar nan kuwa ki kife ta. Kullum tana tuna masa shi majinyaci ne. Ki yi miya ɗaya ta gida duka, ki tura yara su ci tare da babansu.