Ku Tambayi Mushe: Fosfor, da Cokalin da Ba Ya Jure Zafin Maraɗi

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan shimi suka zo, wato ilimin sinadarai, wataƙila don jarrabawar bak ta gabato. Wanda ya aiko da tambaya kan lissafin mol ya yi mini haƙuri, wannan sai a gaban allo.

Tambaya: Mushe, ina ajin ƙarshe a lise, daga unguwar Zariya nake rubuto maka. An ce mu hardace jadawalin Mendeleyev, wanda ya jera sinadarai na asali kowanne da lambarsa, ni kuwa sunaye 118 sun cika mini kai. Kai wanne ka fi so a cikinsu, kuma don me?

Amsa: Ɗiyata, fosfor ne, mai lamba 15, wanda ake rubutawa da P. Na san kin zaci zan ce zinariya ko yuraniyom ɗin Arlit. A'a, ni ɗan manomi ne.

Bari in fara da yadda aka same shi, don ba a taɓa ba da labarin a aji an gama ba dariya ba. A shekarar 1669, a birnin Hambug na Jamus, an yi wani mutum wai shi Hennig Brand, irin mutanen nan masu neman dabarar ƙera zinariya daga abin da ba zinariya ba. Ya dubi fitsari, ya ga rawaya ne, ya ce lallai akwai zinariya ɓoye a ciki. Ya tara shi bokiti-bokiti, ya ajiye har ya ruɓe, sannan ya ɗora a wuta ya yi ta dafawa sai da ruwan ya ƙone ya bar baƙin kwaɓi. Ya ƙara zuga wuta. Abin da ya fito wani abu ne fari-fari mai laushi, yana haske kore-kore cikin duhu, in ya sha iska kuma ya kama da wuta shi kaɗai. Zinariya dai ko ƙwaya bai samu ba, amma ya zama mutum na farko da tarihi ya riƙe sunansa a matsayin wanda ya gano wani sinadari na asali. Ni kullum maƙwabtansa nake tausaya wa.

Wannan farin fosfor ɗin har yau cikin ruwa ake ajiye shi, don kada iska ta taɓa shi. Amma akwai ja, mai sanyin hali, kuma yana nan a madafarku. Ɗauko kwalin ashana ki dubi gefen da ake ƙyasta tsinke: wannan shafen mai kaushi jan fosfor ne haɗe da garin gilashi. Kan tsinken babu fosfor, abin da ke ciyar da wutar ne kawai a jikinsa. In kin ƙyasta, zafin gogayya ya mai da ɗan mitsitsin jan ya koma fari, farin ya kama, ya kunna kan tsinken. Shi ya sa duk ƙyastawar da za ki yi a bango ba za ta ba ki wuta ba.

Dalilina na gaskiya kuwa yana gona. Jigawar ƙasarmu rairayi ce, kuma fosfor ya yi mata ƙaranci ƙwarai. Hatsin da ya rasa shi saiwarsa ba ta yin ƙarfi, sai ki ga ya tsugune wuri ɗaya ko da ruwa na sauka, ganyen ƙasa ya rine ya yi ja-ja mai duhu. Dubi buhun taki mai 15-15-15: lambar farko ta azot ce, ta ƙarshe ta fotasiyom, ta tsakiya ita ce ta mutumina. Kada ki haɗa wannan 15 da lambarsa ta cikin jadawali, na buhu kashi ne cikin ɗari. Ba shekarar da wani ɗalibi ba ya faɗa wa wannan rami. Masu bincike na cibiyar nazarin noma ta ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, sun nuna cewa manomin da ba ya iya sayen buhuna ya zuba giram 6 na 15-15-15 a kowane ramin shuka, wajen cikin murfin kwalbar lemo, ko giram 2 na takin DAP mai fosfor, ya ga bambanci a damminsa. Kakanninmu ba su san sunan ba, amma sun san aikin, shi ya sa suke roƙon makiyaya su sauka da shanu a gonarsu da rani. Akwai dutsen fosfat a jihar Tawa, Maroko kuwa ita ke zaune kan kusan kashi 70 cikin ɗari na wanda aka sani a duniya. A jikinki ma, wajen kashi 85 cikin ɗari na fosfor ɗin yana cikin ƙashi da haƙora.

Batun harda, ki riƙe 20 na farko da kyau, ki nemo wa kowanne labarinsa. Sauran ki koyi karanta gurbinsu.

Tambaya: Malam, ni mai shayi ne a bakin tasha. Wani direba ya nuna mini bidiyo a wayarsa, Bature ya sa cokali a kofin shayi, cokalin ya narke. Mun yi gardama, ni na ce rufa ido ne, shi ya ce guba ce a shayin.

Amsa: Ɗan'uwa, ku duka kun faɗi, shayin lafiyarsa lau. Cokalin ne aka zuba shi da wani ƙarfe mai suna galiyom, lamba 31, mai ƙyalli irin na sanholo, wanda yake narkewa a awon zafi 29.8 kacal. Ko a tafin hannu ka damƙe shi zai zama ruwa. Tsohuwar tsokana ce ta masana shimi: a miƙa wa baƙo shayi da wannan cokali, a tsaya ana kallon fuskarsa. Sai dai wasan na ƙasashen sanyi ne. A Maraɗi cikin watan Afrilu, da zafi ke haura 40, cokalin zai narke a aljihun mai tsokanar tun bai iso teburinka ba.

Labarin gano shi ya fi wasan daɗi. Da Mendeleyev, mutumin Rasha, ya tsara jadawalinsa a 1869, ya bar gurabe babu komai, ya ce akwai sinadaran da ba a gano ba tukuna. A 1871 ya siffanta wanda zai zauna ƙarƙashin sanholo, har ya ce nauyinsa zai ninka na ruwa wajen sau 5.9. A 1875 wani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, ya gano shi, ya auna ya samu 4.7. Mendeleyev, wanda ko a ido bai taɓa ganin ƙarfen ba, ya aika masa cewa ya sake tacewa ya sake awo. Mutumin ya sake, ya samu 5.9. Wannan ƙarfin hali ne na wanda ya san abin da ya taka.

Kuma kana amfani da galiyom kullum da asuba. Ƙananan ƙwayayen fitilar nan masu farin haske da ke cikin tocila da fitilar sola, da haɗin galiyom da azot ake yin su, aikin da ya sa aka ba masana uku ƴan asalin Japan kyautar Nobel a 2014. In wani ya taɓa kawo maka shi, kada ya kusanci tukunyarka ta sanholo, don yana ratsa ta har ta riƙa ɓarewa. Shayin da ya narke a ciki kuma a zubar.

Tambaya: Mushe, an turo mana saƙo a WhatsApp cewa akwai wani sinadari wai shi dihydrogen monoxide a cikin ruwan leda, yana sa ƙarfe tsatsa, yana ƙona fata, yana kashe dubban mutane. Na hana jikokina sha. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, a sake wa yara ruwansu. Duk abin da saƙon ya faɗa gaskiya ne, amma sinadarin ruwa ne, H2O, aka kira shi da dogon suna. Ruwa yana sa tsatsa, tururinsa yana ƙona fata, kuma in gulbi ya kawo yakan ci mutane. Ba ke kaɗai aka kama ba: a 1997 wani yaro ɗan shekara 14 a jihar Idaho ta Amurka, Nathan Zohner, ya karanta wa ɗalibai 50 irin wannan bayani, 43 suka ce a haramta shi.

Tunda kina lura da abin da ke shiga jikin jikokinki, ga waɗanda ba na wasa da su. Na farko dalma. Wani kwallin da ake sayarwa dutsen dalma ne aka niƙa, bai kamata ya shiga idon jariri ba. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da take yi a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Na biyu zaiba, wadda samarinmu masu zuwa haƙar zinariya a Jado suke ƙonawa don ware zinariyar. Hayaƙinta yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda. Tana kuma cikin wasu mayukan bilicin.

Tambaya: Ni maƙerin zinariya ne a babbar kasuwa. Mun taso ana cewa babu abin da ke cin zinariya. Haka ne?

Amsa: Alhaji, asid ɗin da kuke gwaji da shi ba ya cinta, shi ya sa yake tona asirin jabu. Amma in aka haɗa asid nitrik kashi ɗaya da asid kloridrik kashi uku, zinariya sai ta narke ta bi ruwa. A 1940, da sojojin Hitila suka shiga Kofanhegan, babban birnin Danmak, wani masani mai suna George de Hevesy ya narkar da lambobin Nobel na zinariya na wasu masana biyu, Max von Laue da James Franck, a cikin wannan haɗi don kada sojojin su ƙwace su, ya ɗora kwalbar a kan kanta cikin sauran kwalabe. Aka yi ta bincike ba wanda ya kula da ita. Bayan yaƙi aka fitar da zinariyar daga ruwan, aka aika Suwidin aka sake ƙera lambobin. Kada dai a gwada haɗin a rumfa, hayaƙinsa yana ƙona huhu.