Lasifika a dandalin unguwa: matsayinka a gaban doka

Malam, na karanta wasiƙarka a kan mutumin da ke kafa lasifika kowane dare a dandalin da ke gaban gidanka, wanda ya ce maka fili na kowa ne, kuma ya riga ka zuwa unguwar. Hujjojin nan biyu ba su da ƙarfin da yake zato.

Kasancewar fili na kowa ita ce ma ke kayar da shi, domin wanda ya ƙure sauti ya mallake dandalin shi kaɗai ba tare da ya kafa shinge ba, ya kori mai hira da mai hutawa, sannan hayaniyar ta tsallake katanga ta shiga ɗakin kwananka. A ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, an kasa irin wannan cutarwa gida biyu. Idan jama'a baki ɗaya cutarwar ta shafa, hukuma ce ke gurfanar da mai laifin, kai kuma sai ka nuna cewa abin da ya same ka ya zarce na sauran mutane. Idan kuwa tana hana ka jin daɗin gidanka, ko naka ne ko haya kake yi, kana da ikon shigar da ƙara da kanka.

Batun riga zuwa kuwa, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta warware shi tun 1879, a shari'ar wani likita da maƙwabcinsa mai yin alewa, wanda turamensa suka fi shekara 20 suna daka kafin likitan ya gina ɗakin ganin marasa lafiya jikin bangonsa. Likitan ne ya yi nasara.

Alƙali zai duba lokacin da ake hayaniyar, da daɗewarta, da yanayin unguwar, don abin da ake jurewa a bakin tasha ba a jure shi a unguwar zama. Saboda haka ka riƙa rubuta rana da sa'a, ka naɗi sautin daga cikin ɗakinka, ka nemi maƙwabta su shaida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sauti a ɗakin barci ya wuce desibel 30 (ma'aunin ƙarfin sauti) da dare.

Ka fara da magana ta lalama, sannan koke a rubuce zuwa ga hukumar birni ko ta muhalli, ka adana kwafinsa. Shirun hukuma ma abin tuhuma ne: a 2004 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta sami Sifaniya da laifi saboda ta bar gidajen rawa suna hana wata mata barci a birnin Balensiya. Idan ta kai ga kotu, shawarata ita ce ka nemi umarnin da zai ƙayyade sa'o'i da ƙarfin sauti, domin ya fi sauƙin samu a kan hani baki ɗaya. Kada ka tsinke masa waya ko ka ƙwace lasifikar, don a nan kai ne za ka koma wanda ake ƙara.