WiFi ta kama amma babu intanet: kada ka taɓa Reset na akwatin kamfani

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ina karanta tambayarka na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce an jawo maka fayiba, wato intanet ta siririyar waya mai aiki da haske, gida, ka sayo rautar TP-Link, na'urar da ke raba WiFi, ka jona a jikin akwatin kamfani, wayoyi duk sun kama WiFi amma ko Google ba ya buɗewa, kuma wani ya ce ka zura allura a ramin Reset na akwatin. Don girman Allah ka ajiye allurar nan. Sabuwar rautarka ka danna mata yadda kake so, ba komai a cikinta. Amma akwatin kamfani kada ka kuskura.

Da yawa daga masu fayiba ta PPPoE suke haɗa mutum, wato haɗin da sai da suna da kalmar sirri yake tashi. Akwai suna da kalmar sirri da aka zuba a cikin akwatin ranar da aka jona maka, ba ta WiFi ba, wata ce dabam wadda da ita kamfani yake gane layinka. Kana danna Reset za su iya gogewa, in kuma ba ka da su a rubuce, ka zama abin tausayin wanda ya yi maka haɗin.

Ni a shagona abin ya same ni, inda muke rajistar jarrabawa da buga takardu. Ranar ce ta ƙarshe kafin a rufe shafin rajista, benci cike, wasu a tsaye cikin rana. Intanet ta fara tsinkewa ina masallaci, yaron shago ya kira wanda ya yi mana haɗin, shi kuma daga inda yake zaune ya ce masa ya danna Reset. Na dawo na tarar komai ya mutu murus. Na kira shi, wai ba ya gari. Na ce to karanto min sunan da kalmar sirrin in zuba da kaina. Wallahi buɗar bakinsa sai ya ce ba a ba kwastoma. Layin da nake biya duk wata da gumina! Na sake kira, waya a kashe.

Akwai wani dattijo da ya taho da 'yarsa daga ƙauye, takardunta a cikin baƙar leda ya rungume a ƙirji. Na kunna intanet ɗin wayata na jona kwamfuta, hoton yarinyar ya kai rabi ya tsaya, a sake, ya kai rabi ya tsaya. Mutane suka yi ta karɓar takardunsu suna ficewa, wasu da baƙar magana. Shi ko uffan bai ce min ba har bayan la'asar, kallon allon kwamfutar kawai yake yi. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ƙarshe na mayar masa da kuɗinsa na tare musu adaidaita zuwa wani shagon.

Washegari mai haɗin ya iso yana fara'a kamar ba a yi komai ba. Ya juya min baya da laftof ɗinsa don kada in ga abin da yake bugawa, kafin shayina ya huce ya gama, ya karɓi kuɗin mota da na aiki. Ashe har kalmar sirrin shiga shafin saitin akwatin ya canza tun ranar farko, don duk abin da ya taso sai an neme shi. Da na je ofishin kamfanin na zauna na ƙi tashi, wata baiwar Allah ta rubuta min komai a 'yar takarda ba tare da musu ba. Babu wata doka, son zuciyarsa ne kawai. Har yau in na hango shi a kan babur da tsaninsa raina sai ya ɓaci. Na bar shi da Allah.

To naka. Fara duba fitilun akwatin. In wadda aka rubuta PON ta tsaya kore, layi lafiya yake. In LOS tana ƙifta ja, haske ba ya isowa, waya ta katse a hanya ko an lanƙwasa siririyar nan ta bayan akwati, kuma babu saitin da zai gyara wannan sai ma'aikatan kamfanin sun zo. Sannan kebul ɗin: daga ramin LAN na akwatinsu zai fito ya shiga ramin WAN na rautarka, wanda launinsa ya bambanta da sauran. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe.

Ka kashe datar wayarka kafin ka shiga shafin saiti, in ba haka ba wayar za ta riƙa zillewa ta koma kan sim. Adireshin shafin, wanda za ka buga a burauza, yana jikin takardar da aka manna a ƙasan rautar, TP-Link yawanci 192.168.0.1 ne ko tplinkwifi.net. Ka nemi wurin Internet ko WAN. In ka jona laftof kai tsaye a akwatin kamfani ka ga intanet tana zuwa, to shi ya riga ya yi PPPoE ɗin, kai Dynamic IP kawai za ka zaɓa, wato rautar ta karɓi adireshi daga akwatin da kanta. In kuwa sun bar akwatin a matsayin gada ne, Bridge suke cewa, sai ka zaɓi PPPoE ka zuba suna da kalmar sirrin, babban baƙi da ƙarami yadda aka rubuta su. Ko ma wanne ne, ka je ka karɓo su gobe, a rubuce, ka ɗauki hotonsu ka ajiye a imel. Kada wani ya ce maka ba a bayarwa.

Abin da na fi zargi a naka shi ne karon adireshi. In akwatin yana kan 192.168.0.1 rautarka ma tana kai, ko dukansu 192.168.1.1, sun zama gida biyu masu lamba ɗaya a layi ɗaya, ɗan aike bai san inda zai kai saƙo ba. Ka shiga LAN na rautarka ka mayar da shi 192.168.5.1, ta kashe kanta ta kunna, sai ka riƙa shiga da sabon. Wasu rautocin suna da zaɓin Access Point, inda rautar za ta raba WiFi kawai ta bar wa akwatin sauran aikin, in ka zaɓe shi ya raba gardama. A shafin Status ka dubi adireshin WAN, in 0.0.0.0 ka gani ba ta samu komai daga akwatin ba. In akwai adireshi amma shafuka ba sa buɗewa, sa DNS, mai nemo adireshin shafuka daga sunansu, da hannu, 8.8.8.8 da 1.1.1.1.

Na ga wata 'yar'uwa a ƙasa ta ce ita ma haka tata take yi amma mai sim ce. Hajiya naki dabam ne, APN za ki duba, wato sunan hanyar da sim yake bi ya shiga intanet. In Huawei ce 192.168.8.1 za ki shiga, APN na MTN web.gprs.mtnnigeria.net, na Glo gloflat. Ki fara sa sim ɗin a waya ki tabbatar akwai data kuma ba a rufe shi kan NIN ba.

Kai ma ka tabbatar kuɗin watanka bai ƙare ba, fitilu za su iya zama kore tas alhali an tsayar da kai. Kuma ka nemi ƙaramin batirin nan na rauta mai 12V, wutar NEPA ta cinye min adafta ba ɗaya ba. Ka canza kalmar sirrin shiga saiti da hannunka, a tsaron WiFi ka zaɓi WPA2, ka kashe WPS mai barin a jona ba tare da buga kalmar sirri ba, yaran unguwa sun fi mu sanin waɗannan abubuwan. In kamfanin ya yi maka kunnen uwar shegu bayan ka kai ƙorafi, NCC, hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, tana da layin 622, kyauta ne.

Ka turo hoton shafin Status da na fitilun akwatin, amma ka rufe sunan PPPoE da yatsa kafin ka ɗauka. Ina nan bayan isha'i.