Ƙwayar Baba ba ta canja ba, me ya sa ta zame masa guba?

Tambaya: Likita, shekara biyu ke nan mahaifina yana shan digoksin saboda ciwon zuciya. Da ƙafafunsa suka kumbura, wani mai sayar da magani ya ce a ninka masa Lasix, maganin da ke fitar da ruwan jiki ta fitsari, "a wanke gishirin jiki". Yanzu sai amai yake yi, bugun zuciyarsa ya rikice, yana ganin komai rawaya-rawaya. A asibiti an ce potasiyam ɗinsa, wani nau'in gishirin jiki, shi ne ya sauka. Hankalina a tashe yake. Ina ruwan gishiri da ƙwayar da ba mu ƙara ba?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, Malama. Akwai ruwansa ƙwarai. Digoksin yana kama famfon nan da ke fitar da sodiyam ya shigo da potasiyam a ƙwayoyin tsokar zuciya. Idan ya riƙe shi, kalsiyam ya taru a ciki, zuciya ta matsa da ƙarfi. To shi wannan famfo, potasiyam da digoksin kokawa suke yi a kansa. Muddin potasiyam na jini yana daidai, wato tsakanin 3.5 da 5.0 a gwajin asibiti, yana taka wa maganin birki. Da ya sauka, sai digoksin ya samu fili ya manne fiye da kima. Ƙwaya ɗaya, amma ta yi aikin da ya wuce nata.

Abin da ke ƙona min rai shi ne maganar nan ta "wanke gishiri". Kullum sai na ji ta. Mutane sun ɗauka gishirin jiki iri ɗaya ne, kuma duk datti ne. Wa ya faɗa musu? Lasix ba ya tantancewa: yana zubar da sodiyam da ruwa, ya haɗa da potasiyam da magniziyam duk su bi fitsari. Ƙafa ta saɓe, 'yan'uwa suna murna, alhali zuciya tana shiga haɗari. Wanda ya ba da shawarar bai auna jini ba, bai duba ƙoda ba, kuma ƙodar ce ke fitar da digoksin. Wasu ma har maganin wankin ciki suke ƙarawa, zawo ya kwashe sauran potasiyam ɗin. Ran mutum fa ake magana!

Don Allah kada ku sayo masa potasiyam da kanku, yawansa ma yana tsayar da zuciya. Ki tattara duk magungunan da yake sha ki kai wa likitansa, ki gaya masa ranar da aka ninka Lasix, ki kuma roƙi a auna magniziyam da aikin ƙoda kafin a mayar da shi kan digoksin.