Tambaya da Amsa: Lissafi bai canza ba, amma ƙarfen sai banƙarewa yake yi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Idu, nan Abuja, ni ne mai kula da injin da ke narka garin ƙarfe da leza yana gina kaya shimfiɗa bisa shimfiɗa, abin da muke kira bugawa. Muna buga wani mazauni da ake ɗaure injin lantarki a kansa a jikin na'urar casar shinkafa, da ƙarfe marar tsatsa na 316L, gindinsa shimfiɗaɗɗe ne mai tsawon milimita 140. Da can muna aiki da wat 200, gudun milimita 800 a daƙiƙa, tazarar layi milimita 0.10, kaurin shimfiɗa milimita 0.04. Wani da aka kira ya duba mana injin ya ce mu koma wat 350 da gudun 1400, mu kashe juyawar layi, wato sauya fuskar da layukan leza ke bi daga shimfiɗa zuwa shimfiɗa, leza ta riƙa tafiya daga wannan baki zuwa wancan. Ya ce tunda yawan makamashi yana nan a 62.5, ƙarfen ɗaya ne, lokaci kawai za mu rage. Tun daga nan sau biyu kusurwa na ɗagowa har wuƙar baje gari ta tokare. Guda uku sun fito lafiya, an ma kai wa mai su. Oga ya ce ni na lalata injin, ya ba ni mako guda. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Ina kuskuren yake?

Wani matashin injiniya, daga Kubwa

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, a duk abin da ka lissafa ban ga alamar lalacewar inji ba. Kusurwa ta ɗago, wuƙa ta ci karo da ita, aiki ya tsaya: haka kowane inji lafiyayye zai yi idan aka tsara masa hanya irin wadda aka tsara wa naka. Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne ukun nan da ka ce sun fito lafiya. Zan dawo kansu.

Ɗagowar kusurwa ba ta da wuyar bayani. Kowane layi da leza ta ja ɗinkin walda ne, siriri kamar silin gashi. Yana narkewa a wajen digiri 1400, ya daskare cikin ƙiftawar ido, domin sanyayarsa kan kai digiri dubu ɗari zuwa miliyan guda a daƙiƙa. Da ya daskare sai ya nemi tsukewa, ƙarfen da ke ƙasansa ya hana shi, sai ja ya zauna a ciki. Wannan ja ya fi ƙarfi ta tsawon layin. Kai kuma an sa ka jera layuka masu milimita 140 duk suna fuskantar waje guda, shimfiɗa bisa shimfiɗa, ɗaruruwa. Kowane mai walda a Dei-Dei ya san abin da ke samun falange idan aka zuba masa dogon ɗinki ta gefe ɗaya ba hutawa: sai ya banƙare kamar kwale-kwale. Shi ya sa yakan ɗan ɗosa nan, ya tsallaka can, ya dawo. Naka ma hakan ne, ƙanƙanta kawai ya yi.

Maganinsa a manhajarka yake. Mayar da juyawar layi. Yawancin injuna na zuwa da digiri 67, lambar da kamfanin EOS na Jamus ya shahara da ita, kuma ba kara-zube aka zaɓe ta ba. Idan ka juya da digiri 90, bayan shimfiɗa biyu layi ya koma inda ya fito. Da 67 kuwa sai an yi shimfiɗa 180 kafin layi ya sake kwanciya ta wannan fuskar, wato milimita 7.2 na gini a kaurin da kake aiki da shi. Ja ya watsu ko'ina ke nan, kuma in an sami ɗan gibi tsakanin layuka biyu a wannan shimfiɗa, ta gaba za ta ratsa ta kansa a karkace ta narke shi. Sannan ka yanka dogon layin. Ko dai ziri-ziri masu faɗin milimita 5 zuwa 10, ko gida-gida irin na dara, wanda kamfanin Concept Laser ya yi suna da shi, kowane gida milimita 5 sau 5, leza na tsalle daga wannan zuwa wancan. Ga gindi irin naka ni ziri zan zaɓa, domin kowace iyakar gida mahaɗa ce, kuma a mahaɗa ramuka ke son taruwa. Ka bar zirin su ɗan hau kan juna, ka kuma tabbata iyakarsu na gusawa daga shimfiɗa zuwa shimfiɗa. Ka ƙarfafa tallafin da ke kusurwoyi, ka ɗan karkatar da kayan a kan farantin da ake gina shi a kai don kada wuƙa ta same shi gaba da gaba ta dogon gefensa.

Yanzu mu zo kan 62.5 ɗin nan, wadda ta ishe ni.

Kusan kowane wata sai na haɗu da wani ya riƙe wannan lamba kamar laya. Ɗalibin digiri na biyu ya rubuta ta a babi na uku, dillalin inji ya buga ta a takardar talla, mai gyara ya danna ta a waya ya nuna wa oga, oga ya gyaɗa kai. Ƙarfin leza a raba da gudu da tazara da kauri, shi ke nan. Lissafin gaskiya ne, ban musa ba: 200 a raba da 3.2 ya ba da 62.5, haka 350 a raba da 5.6. To amma ɗauki alƙalami ka gwada wannan. Bar wat 200, rage gudu zuwa 400, buɗa tazara zuwa 0.20. Nawa ka samu? 62.5 ce dai. A nan leza na tafiya a hankali tana huda rami mai zurfi, ƙarfe na tafasa yana barin kumfa a ƙasa, alhali tsakanin layi da layi akwai yiwuwar a bar gari ɗanye da wuta ba ta kai gare shi ba. Cuta biyu a jiki ɗaya. Ko ka mayar da tazara 0.10 ka ninka kaurin shimfiɗa zuwa 0.08 a gudun 400: nan ma 62.5. Haɗi huɗu ke nan daban-daban, ƙarfe huɗu daban-daban, lamba ɗaya. Wanda ya ce maka ɗaya ne, daidai yake da mai ce wa uwargida tunda itace dami ɗaya ne, tuwon da aka dafa a wutar rugugi cikin minti biyar ɗaya yake da wanda aka bari ya turara.

Duba abin da aka yi maka. A gudun 1400 ɗan kududdufin narkakken ƙarfe yakan miƙe ya yi tsawo ya sirance. Siririn ruwa mai tsawo ba ya son zama haka, yakan tsinke ya dunƙule, layin ya fito tudu da kwari kamar carbi. Wuƙa ta zo ta baje gari a kan wannan gargada, wani wuri kauri wani wuri siriri, inda ya yi kauri leza ba ta ratsa shi har ƙasa ba. Lambar ba ta san wannan ba. Ba ta san faɗin ɗigon lezarka ba. Ba ta san girman ƙwayar garinka ba, ko sau nawa aka tankaɗe shi aka sake zubawa, ko ya sha laimar damina a robar da aka bari a buɗe. Uwa uba, babu hanya a cikinta ko kaɗan. A gudun 800, layin milimita 140 na cin daƙiƙa 0.175 kafin leza ta juyo, layin milimita 5 kuwa wajen daƙiƙa 0.006. A na farko maƙwabcin layi ya riga ya huce, a na biyu yana nan da zafinsa, sabon kududdufi ya fi faɗi da zurfi. Shi ya sa siririyar kusurwa, inda layuka ke gajarcewa, takan ƙone ta yi baƙi ta kumbura a kan saitin da ya fito tas a tsakiyar kaya. Nemo mini wannan a cikin 62.5.

Haka batun wurin juyawa. Madubai biyu ne ke sarrafa hasken, kuma madubi na da nauyi, dole ya rage gudu kafin ya juyo. In leza na kunne da cikakken ƙarfinta a wannan lokacin, zafi ya taru a ɗigo guda, rami ya yi zurfi, ya rufta, ya kulle kumfa a ciki. Masu bincike a ɗakin gwaje-gwaje na Lawrence Livermore a Amurka sun ɗauki hoton faruwar hakan da hasken eksire, suka wallafa a 2019. Ramukan na jeruwa ne a bakin kaya, dab da fata, daidai inda tsagewa ke son farawa. Injuna da dama na da saitin da ke kashe leza madubi ya wuce iyaka ya juyo a duhu, sannan ta kunnu bayan ya kama gudunsa. Yana ƙara lokaci, don haka shi ne abu na farko da masu neman burge oga ke kashewa. Je ka duba naka yau.

Na taɓa zama a gaban madubin ƙara girma a wani wurin aiki da ba zan kira sunansa ba. Sun kawo mini wani ƙarfe da ya karye, suna rantsuwa cewa garin ne jabu. A waje sumul, sai ƙyalli yake, an wanke shi da yashi an goge. Muka yanka, muka goge da takardar yashi har ya zama madubi. Ga wani kogo kwance, shafal, bakinsa da kaifi kamar tsinin reza, a cikinsa ƙwayoyin gari zagayayyu suna zaune lafiyarsu ƙalau kamar ƙwai a akurki, wuta ba ta taɓa su ba. Muka gusa gaba kaɗan, ga wani. Aka auna tazararsu, ta yi daidai da faɗin zirinsu. Garin ba shi da laifi, mahaɗar ce ba ta hau kan juna ba. Mai saitin ya tsaya a bayana yana maimaita mini lambarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, domin ƙarfen a jikin na'ura yake, kuma akwai mutum a tsaye kusa da ita lokacin da ya ɓalle.

Kogo irin wannan ya fi kumfa zagayayya haɗari nesa ba kusa ba. Tsagewa ce da aka riga aka fara. Ka ɗora wa kayan nauyi sau ɗaya ya ɗauka, ka buga shi da guduma ya yi ƙara mai daɗi, kowa ya ce madalla. Amma na'urar casa girgiza take yi daga safe har dare, kowace girgiza na buɗa bakin kogon da abin da ido ba ya gani, har ranar da za ta ratsa. Shi ya sa nake jin takaicin masu yawo da fayil ɗin saiti a filashi suna sayarwa, ko suna turawa ta WhatsApp, wai na wani babban kamfanin Turai ne. Ko da gaske ne, an yi shi ne don wani inji, da wani gari, da wata iska. Tun 1995 da aka fara wannan fasaha a cibiyar Fraunhofer da ke Aachen a Jamus, har yau manyan kamfanoni ba su daina buga ƙananan samfura suna yankawa ba duk lokacin da suka taɓa saiti. Mu ne za mu tsallake wannan da kalkuleta?

Akwai kuma iska. Iskar agon da injin ke hurawa ta saman faranti na kwashe hayaƙi da tartsatsi zuwa gefe guda. Tsara aikin ya fara daga wajen mafitar iska ya nufo mashigarta, don tartsatsi ya sauka a inda aka riga aka narke, kada ya sauka a garin da ke jiran layi. Ƙwayar tartsatsi ta fi ƙwayar gari girma sosai, in ta kwanta a hanya leza ba ta iya cinye ta duka. In tacewar iskar ta fara toshewa, ka canza ta bisa ƙa'idar masu injin, kuma ka yi hattara, ƙurar da ke cikinta na iya kamawa da wuta.

Ga abin da za ka yi a makon da aka ba ka. Koma saitinka na farko. Buga ƙananan dunƙulai masu milimita 10 kowane gefe, wasu da tsohon saiti wasu da na mai gyara, a faranti ɗaya, a wurare daban-daban. Auna nauyin kowanne a iska da cikin ruwa, 316L mai kyau na kusa da giram 7.9 zuwa 8.0 a kowane dunƙule mai santimita ɗaya kowane gefe. Kada ka tsaya a nan, domin kogo shafal ba ya rage nauyin a zo a gani. Yanka su a tsaye, ta yadda za ka ga shimfiɗu, ka goge, ka kai sashen nazarin ƙarafa na jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha su duba maka. Kada wani ya ce a kai na'urar hoton asibiti, ba ta ganin rami mai maikuron hamsin, wato milimita 0.05. Idan ka sake buga mazaunin, kada ka yanke shi daga faranti sai ya shiga tanda an sassauta jan da ke cikinsa, bisa zafi da lokacin da masu garin suka rubuta. In wuta ta ɗauke ana tsakar gini har kayan ya huce, rubuta lambar shimfiɗar, wurin abin tuhuma ne.

Sai ukun da aka kai. Ka shiga wajen oganka da ladabi gobe da safe, ka ce masa a kira mai casar ya dakatar da su, a karɓo ko guda ɗaya a yanka. Na san abin da nauyi a bakin yaron da aka riga aka ɗora wa laifi. Ka nuna masa wannan amsa in zai sauƙaƙa maka. In an yanka, turo mini hotunan, ka zana kibiya a kan kowanne mai nuna ta inda iska ke shiga da ta inda wuƙa ke tafiya.