Amsa: Mayar da tankin kifin ruwan sanyi na ruwan ɗumi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sai ka zubar da komai ka sake sabon lale kafin tankinka mai lita 100 ya karɓi kifayen ruwan ɗumi. A'a, hita kawai kake buƙata, mai wat 100, da ma'aunin zafi da za ka manna a ɗaya gefen, nesa da ita. Ka riƙa ƙara digiri ɗaya a rana har ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin Celsius.

Abin da nake jiye maka shi ne soson matatar ruwa. Kada ka wanke shi da ruwan famfo, kilorin zai kashe bakteriya mai amfani da ke cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi. Matse shi a bokiti da ruwan tankin, ka mayar. Duhun da ya yi ba matsala ba ne.

Kifayen gwal ɗinka na ruwan sanyi kuwa sai ka sama musu wani gida. Ruwan ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai, ga su da yawan kashi, kuma duk ƙaramin kifin ruwan ɗumi irin su tetira da ya shiga bakinsu ya tafi ke nan.

Sababbin ka zuba su kaɗan-kaɗan, biyar ko shida, ka jira mako biyu kafin ka ƙara wasu. Ranar canjin ruwa ka fara zare filogin hita, ni tawa ta taɓa fashewa da ban zare ba.