Batirin sola ba ya kai isha: me kwamfutar tebur ke ci in babu aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da hoton fasfo a wani ƙauye kusa da Ringim. Kwamfutar tebur nake aiki da ita, a kan sola da batir ɗaya mai 200Ah. In ba ranar kasuwa ba, sai a yi awa uku ba wanda ya leƙo, ita kuma tana kunne. Kafin isha batir ya yi ƙasa. In riƙa kashe ta ne, ko da wata dabara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Bari mu fara da lissafi. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana riƙe wat-awa kusan 2,400, amma in mai ruwa ne ba a zuƙe fiye da rabi, don kada ya mutu da wuri. Ke nan 1,200 ne rabonka. Tsohuwar kwamfutar ofis, irin ta gwanjo da ake sayowa daga Kano, tana cin wat 40 zuwa 70 ko ba ta yin komai, sikirin kuma kamar wat 20. Awa biyar na zaman jiran kwastoma na iya lashe wat-awa 400, wato kashi ɗaya cikin uku.

Ba sai ka kashe ta ba, sa ta barci za ka yi. A Windows 10 shiga Settings, sai System, sai Power & sleep. Saita sikirin ya mutu bayan minti 5, kwamfutar ta yi barci bayan minti 15. A cikin barci wat 1 zuwa 5 kacal take ci, kuma da ka taɓa linzami za ta farka kafin kwastoma ya gama gaisuwa. Hotunan nan masu yawo a sikirin kuwa ba sa rage ko wat ɗaya, cire su.

Sai dai barci na da tarko. Aikinka yana zaune ne a RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, wadda ba ta riƙe komai sai da wuta. In inbata ta ɗauke, abin da ba ka adana ba zai iya tafiya. Don haka in za ka masallaci ko gida cin abinci, Hibernate ya fi: tana kwashe komai ta rubuta a hadis (hard disk, ma'ajiyar dindindin ta kwamfuta), sannan ta mutu gaba ɗaya. In ba ka ga Hibernate a wurin da ake kashe kwamfuta ba, je Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, danna Change settings that are currently unavailable, ka sa wa Hibernate alama.

Wata kwamfutar takan ƙi barci, ko ta farka da kanta. Buɗe Command Prompt a matsayin administrator ka rubuta powercfg /requests, zai nuna manhajar da ke hana ta. Shi kuma powercfg /lastwake yana faɗin abin da ya tashe ta. Sau da yawa linzami ne, don an bugi tebur. A Device Manager, buɗe linzamin, shiga Power Management, cire alamar Allow this device to wake the computer. Daga nan sai ka riƙa tashe ta da madannai.

Kada kuma ka ɗora wa kwamfuta duk laifin. Firintar leza tana da hita a ciki, wadda kan ja ɗaruruwan wat duk sanda take ɗumama kanta. Kashe ta daga soket sai aiki ya zo. Inbata ma tana cin nata, wat 15 zuwa 40 gwargwadon girmanta, ko ba a jona komai ba, saboda haka in ka rufe shago kashe ta. In sikirin ɗinka tsoho ne mai ƙaton baya, shi kaɗai zai iya cin wat 70 ko fiye, canja shi da falle. Da hunturu kuma ka cire wuta, ka buɗe akwatin, ka hure ƙurar fanka da abin busa iska, kana riƙe da fankar da yatsa don kada ta juya ta lalace.